Tsohon keke ɗan Holan: yadda ake binciken asalinsa

1. Keke baƙo ne a Kurfai

Lahadi ita ce ranar kasuwar Filinge. Tun da hantsi mutane ke shigowa daga Cikal, da Luma, da Tukunus, da Bonkuku. Waɗansu bisa jakai, waɗansu cikin amalanke, waɗansu bisa babur. Akwai kuma masu keke. In hanya ta yi rairayi sai su sauka su tura, in sun kai fako su sake hawa.

Keke yana da sunaye da yawa. Tsofaffi suna ce masa laulawa ko dokin ƙarfe. Waɗanda suka zauna Najeriya suna cewa basukur, kalmar da aka aro daga Ingilishi. A Yamai ana jin belo, daga Faransanci. Kalmar keke ita kanta daga Yarbanci ta zo. Sunayen nan kaɗai sun isa su nuna abin baƙo ne.

Maƙeran Kurfai suna ƙera hauya da gatari da wuƙa, amma ba a ƙera keke a Filinge. Kowane keke da ke cikin kasuwa yana da ƙasar da aka ƙera shi, da shekarar da aka ƙera shi, da hanyar da ya biyo kafin ya iso Dallol Boso. Yawancin na yanzu daga Sin da Indiya suke. Tsofaffin kuwa daga Ingila da Faransa. Jefi-jefi akan ga ɗan Holan.

Sanin asalin keke yana da amfani. Wanda bai san irin kekensa ba yakan sayi taya ko feda da ba ta shiga, kuɗinsa su tafi a banza. Mai saye kuma ana iya ruɗinsa da tambarin aro.

2. Yadda keke ya samu kamarsa

A shekara ta 1817, wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya haɗa ƙafa biyu da katako, ɗaya gaba ɗaya baya. Abin ba shi da feda. Mutum yakan zauna bisa ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. Cikin shekarun 1860, a birnin Paris, aka sa wa ƙafar gaba feda. A 1885, a garin Coventry na Ingila, John Kemp Starley ya fito da keke mai ƙafa biyu kusan daidai da juna, da sarƙa mai juya ta baya. Shi ne kakan keken yau. Shekara uku bayan haka, a 1888, John Boyd Dunlop ya yi tayar da ake hura wa iska.

Daga nan Ingilawa suka riƙa ƙera baƙin keke mai nauyi, wanda mahayinsa ke zaune miƙe kamar mai doki. Mutanen Holan suka ɗauki wannan samfuri wurinsu. Da Ingilawa da Faransawa suka koma ga kekuna marasa nauyi, su mutanen Holan suka riƙe tsohon samfurin, suna ƙara masa gyara. Shi ya sa tsohon ɗan Holan da tsohon ɗan Ingila suke kama kamar wa da ƙane. Daga nesa ba a rarrabe su.

3. Ƙasar Holan da masana'antunta

Holan ƙaramar ƙasa ce a arewa maso yammacin Turai, bakin teku, tsakanin Jamus da Beljiyam. Jihar Tilaberi ta ninka ta fiye da sau biyu. Mata sun san sunanta saboda atamfar Holan, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu nata ma yana ƙasa da tsayin ruwan teku, sai da madatsai ake tare ruwan. Babu tudu mai wahalar hawa, garuruwa kuma kusa da juna suke. Irin wannan ƙasa ita keke ke so. Mutanenta wajen miliyan 18 ne, amma kekunansu sun haura miliyan 22. Malami da likita da minista duk suna hawa, babu mai jin kunya.

Masana'antar keke ta farko a Holan, maƙeri ne ya kafa ta. Sunansa Henricus Burgers, a garin Deventer, a 1869. Albert Fongers ya fara ƙera nasa a Groningen a 1884. Simplex ta fara a Utrecht a 1887, daga baya ta koma Amsterdam. A 1904 Andries Gaastra ya buɗe kantin sayar da agogo a Heerenveen. Kantin nan ne ya zama Batavus. Sparta kuwa a Apeldoorn aka kafa ta, a 1917.

Wadda ta fi suna ita ce Gazelle, wato barewa. A 1892, Willem Kölling, ma'aikacin gidan waya a ƙaramin garin Dieren, ya bar aikinsa ya shiga sayar da kekunan da yake sayowa daga Ingila. Ya haɗa kai da wani mai aikin ƙarfe, Rudolf Arentsen. A 1902 suka fitar da kekuna na farko masu sunan Gazelle. A 1954 masana'antar ta cika keke miliyan ɗaya, a 1966 ta cika miliyan biyu. A riƙe waɗannan shekaru biyu, za su yi amfani nan gaba.

4. Shaida ta farko: kama

Ga labarin wani aji da ya yi irin wannan bincike. Wani saurayi ya kawo tsohon keken kakansa rumfar mai gyara. Keken ya daɗe rataye cikin zaure. Saurayin yana so a faɗa masa ko zai gyaru. In ba zai gyaru ba, ya sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe da kilo. A gidansu ana cewa ɗan Holan ne. Malamin aji ya ji labari, ya roƙi a dakata. Ya zo da ƴan makaranta, kowa da littafinsa da fensiri.

Da suka gaisa da mai gyara, Malam ya ce: “Kada kowa ya taɓa tukuna. Ku duba, ku faɗi abin da kuka gani.”

Keken baƙi ne, dogo, mai nauyi. Yaro ɗaya da ƙyar ya ɗaga shi. Kan keken ya lanƙwaso baya wajen mahayi. Sarƙa ba ta fili: tana cikin gida rufaffe, wanda aka yi da ƙarfe siriri aka lulluɓe da wani baƙin ƙyalle mai kauri da ruwa ba ya ratsawa. Ƙyallen ya yage wuri biyu. Bisa ƙafar baya, ƙarƙashin sirdi, akwai makulli mai kamar munduwa, haɗe da jikin keken. Makarin laka na baya yana da ƴan ramuka a gefe, wutsiyarsa kuma da sauran farin fenti.

Wata yarinya ta ce: “Baba, mene ne amfanin ramukan nan?”

Mai gyara ya ce: “Ƴata, nan ake maƙala mayafin da ke rufe wayoyin ƙafa, don kada riga ta shiga. Na wannan ya ɓace tun tuni.”

Malam ya yi bayani. A Holan ana ruwa cikin kowane wata na shekara, mutane kuma da tufafin aikinsu suke hawa keke. Don haka aka rufe sarƙa, aka rufe wayoyi, aka yi dogon makarin laka. Farin fentin wutsiya kuwa doka ce ta kawo shi tun shekarun 1930, don masu mota su hangi keke da dare. Gidan sarƙa an yi shi ne saboda ruwa, amma a Kurfai rairayi yake tarewa. Sai dai in ya yage, rairayin da ya shiga ba ya fita, ya haɗu da mai ya riƙa cin sarƙa. Yagaggen gida gara a ɗinke shi ko a cire shi.

Yara suka ce: “To, ɗan Holan ne ke nan!”

Malam ya ce: “Kun yi sauri. Ingila ma ta yi dokar farin fenti, kuma akwai kekunanta masu rufaffiyar sarƙa. Kama da wane ba wane ba ce. Mu nemi wata shaida.”

5. Shaida ta biyu: tambari

Tambari yana gaban keke, bisa ƙarfen da ke ƙarƙashin kai. Ƙaramin faranti ne na tagulla ko na alminiyam. Masana'antu da yawa sun zaɓi dabba ko tsuntsu. Raleigh ta garin Nottingham a Ingila, wadda Hausawa ke kira Rali, kan zalɓe ne tambarinta. Ta yi masana'anta a Kano cikin shekarun 1970. Peugeot ta Faransa zaki ne, an kuma riƙa haɗa kekunanta a Bobo-Dioulasso tun shekarun 1960. Flying Pigeon ta birnin Tianjin a Sin tana da tattabara mai tashi. Phoenix ta Shanghai tana da wani tsuntsun almara mai doguwar wutsiya.

Nan ne ake yawan kuskure, domin suna ɗaya kan fito daga ƙasa biyu. Phillips ta Ingila ma zaki ne tambarinta, kamar Peugeot. An yi Phoenix ta Holan a garin Leeuwarden, wadda ta haɗu da Fongers a 1961. Amma Phoenix ɗin da ke cika kasuwannin Afirka ta Yamma ta Sin ce. Mafi ruɗarwa, ita ma Raleigh ta sayar da waɗansu kekunanta masu araha da sunan Gazelle tun ƙarshen shekarun 1930. Saboda haka suna kaɗai bai isa ba. Dole a karanta sunan garin da ke rubuce tare da shi.

Mai gyara ya jiƙa tsumma da kananzir, ya goge tambarin a hankali. Ba a kankare tambari da wuƙa ko da yashi, rubutun kan tafi. Sai ga barewa ta fito. Wani yaro ya karanta harafi bayan harafi: GAZELLE. Daga ƙasa: DIEREN, HOLLAND. Da an ga Nottingham, da magana ta sake.

Malam ya sa suka nemi wata kalma, Koninklijke ko Royal, wato “na sarauta”. Ba su gan ta ba. A 1992, da Gazelle ta cika shekara ɗari, aka ba ta izinin sa wannan kalma cikin sunanta. Keken da ke ɗauke da ita bai girmi 1992 ba.

Mai gyara ya yi dariya ya ce: “Malam, a rumfar nan na ga keken Indiya da tambarin Rali. Ƙusa biyu kaɗai ke riƙe da shi. Kowa na iya cirewa ya manna wa wani.”

Gaskiyarsa. Tambari kamar hula yake, ana aronsa. Don haka ake duba ƙusoshin: na asali ƙanana ne, kansu a mulmule, sun tsufa tare da farantin. In an ga noti, ko waya, ko ramuka fanko a gefe, to an sake tambarin. Ana kuma duba fentin da ke kewaye. Rana tana cin fenti, amma wanda ke ƙarƙashin tambari yakan tsira, ya bar inuwa daidai da siffar farantin farko. A keken nan ƙusoshin na asali ne, inuwa kuma ta dace.

Suka leƙa ta inda ƙyallen ya yage. Babban farantin da ke jan sarƙa an huda shi da siffar barewa masu tsalle. Shaida biyu suka haɗu wuri ɗaya.

6. Shaida ta uku: lambobi

An san masana'anta, saura shekara. Kowace masana'anta tana buga lamba cikin ƙarfen gangar jikin keke. Ana samunta ƙarƙashin sirdi, ko ƙarƙashin gidan feda, ko inda ƙafar baya ke ɗaure. Ita ba a cire ta kamar tambari, sai dai ɓarawo ya goge ta da magagari, wannan kuma yakan bar tabo. Keken da aka goge wa lamba, mai hankali ba ya sayensa.

Suka sami lambar ƙarƙashin sirdi, datti ya cike ta. Aka goge, aka shafa alli, aka share na sama. Allin da ya rage cikin ramuka ya fito da ita fari tas. Akwai wata dabarar: a ɗora takarda bisa lambar a riƙa goga fensiri a kwance. Alƙaluma bakwai ne: miliyan ɗaya da dubu ɗari biyar da ƴan kai.

Malam ya rubuta bisa allo: 1954, miliyan ɗaya; 1966, miliyan biyu. A wancan zamani lambobin Gazelle a jere suke tafiya. Ya ce su yi lissafi. Tsakanin shekarun biyu akwai shekara 12. Miliyan ɗaya a raba 12 ya ba da wajen 83.000 a shekara. Don a ƙara 500.000 bisa miliyan na farko ana bukatar wajen shekara 6. Wato 1954 a tara da 6, ya zama 1960. Malam ya ja kunnensu: masana'anta ba ta ƙera adadi ɗaya kowace shekara, don haka lissafin yana nuna kusa ne, ba daidai ba. Masu tara tsofaffin kekuna a Holan sun jera lambobin shekara-shekara, kuma a garin Nijmegen akwai gidan tarihin keke mai suna Velorama. Ana iya aika wa irin waɗannan hoton tambari da lamba.

Can sai wani yaro da ke tsugune wajen ƙafar baya ya ɗaga murya: “Malam, ƙarya ce! Ga England nan a rubuce. Ɗan Ingila ne!”

Kowa ya matso. Bisa cibiyar ƙafar baya, wadda giya uku ke ciki, an rubuta Sturmey-Archer, England. Gefe kuma akwai 61 da 9.

Malam ya yaba masa, domin ya duba inda sauran ba su duba ba. Sa'an nan ya ce masana'antar keke ba ta ƙera kome da kome. Takan ƙera gangar jiki, ta sayo sauran kaya wurin waɗanda suka ƙware. Masana'antun Holan sun riƙa sayen cibiya mai giya daga Sturmey-Archer ta Nottingham. Cibiya mai birkin feda, wadda ke tsayawa in an taka baya, sau da yawa Torpedo ce, ta kamfanin Fichtel & Sachs na Schweinfurt a Jamus. Sirdi yakan zama Brooks na Ingila ko Lepper na Holan. Ƙasar keke ita ce ƙasar gangar jikinsa.

Cibiyar nan ma ta taimaka. Sturmey-Archer takan buga shekara da wata bisa cibiyoyinta. 61 da 9 na nufin watan Satumba na 1961. Lissafin yara ya ce wajen 1960, cibiya ta ce 1961. Tunda sun yi kusa haka, alama ce ƙafar baya ta asali ce, kuma an haɗa keken a ƙarshen 1961 ko jim kaɗan bayan haka. Da cibiya ta ce 1978, da sai a gane an sake ƙafar, a bi lambar gangar jiki.

Sauran kayan ba su da abin faɗi game da haihuwar keken. Ƙafar gaba ta Indiya ce. Sirdin na roba ne, sabon yayi. Fedar dama da ta hagu ba iri ɗaya ba ne. Waɗannan tarihin gyare-gyarensa suke ba da labari.

Akwai wata shaidar da akan samu ga kekunan Holan da suka fi wannan tsufa. Daga 1924 zuwa 1941 ana biyan harajin keke a can, a ba mutum ɗan faranti mai shekara a jiki. Marasa aikin yi kyauta ake ba su, amma nasu da huda a tsakiya, kowa ya gani ya san halin da suke ciki. Mutane sun ƙi jinin wannan huda ƙwarai. A Najeriya ma an yi lasin keke zamanin En'e.

7. Shaida ta huɗu: bakin mutane

Ƙarfe ya faɗi inda aka haife shi da lokacin. Bai faɗi yadda ya zo Filinge ba. Wannan sai mutane. Malam ya zaɓi yara uku, saurayin ya kai su wurin kakarsa. Suka durƙusa suka gaishe ta.

“Kaka, mun zo tambaya ne bisa keken marigayi. A wace shekara ya zo da shi?”

Ta ce: “Jikokina, ni ina na san shekarun Nasara? Daga Kumasi ya zo da shi, shekarar da aka koro mutanenmu daga Gana. Bisa kan babbar mota aka ɗauro shi, tare da akwatinsa. Lokacin ina goyon ɗana na fari.”

“Sabo ya saya, Kaka?”

“A'a. Ya ce hannun wani Bature ya saya, da Baturen zai koma gida.”

Tsofaffi ba su ƙirga da alƙaluma, da abin da ya faru suke ƙirgawa: shekarar yunwa, shekarar fara, shekarar mutuwar sarki. Aikin mai bincike ne ya mayar da wannan zuwa alƙaluma. Tun zamanin da ake kiran Gana Gwalkwas, samarin yammacin Nijar suke zuwa biɗa Kumasi da Akara bayan girbi. Sukan komo da tufafi, da akwati, mai sa'a kuma da keke. A watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Mutanen Nijar da yawa suka komo gida a lokacin. Ke nan keken ya iso Filinge ƙarshen 1969 ko farkon 1970, yana da wajen shekara takwas. Wannan ya dace da maganar Kaka cewa ba sabo aka saye shi ba.

A aji Malam ya raba allo gida uku. A gida na farko aka rubuta abin da aka gani: Gazelle, Dieren, lamba, 61 da 9. A na biyu abin da aka ji: Kumasi, Bature, shekarar kora. A na uku abin da ake zato. Wata yarinya ta ce mai yiwuwa Baturen mutumin Holan ne, ya zo da kekensa daga gida. Zaton yana da madogara, domin a waɗannan shekaru akwai limaman mishan ƴan Holan da yawa a Kumasi. Malam ya rubuta shi, amma a gida na uku. Wani yaro ya so a matsar da shi gida na farko. Malam ya ƙi, tunda ba wanda ya gani, Kaka kuma ba ta faɗa ba.

Ba kowane ɗan Holan ne ya biyo ta Gana ba. Ƙungiyar SNV ta Holan tana aiki a Nijar tun 1978, kuma baƙin da suka gama aiki sukan sayar da kayansu kafin su tafi. Daga baya kuma kekunan gwanjo na Turai suka riƙa shigowa ta tashoshin jirgin ruwa na Kwatano da Lome, su iso Yamai, su biyo hanyar Baleyara, wajen kilomita 180, zuwa Filinge. Waɗannan yawanci ba su kai na Kaka tsufa ba.

8. Wace taya za a saya?

Mai gyara ya duba gangar jikin ko'ina, bai ga tsaga ba. A Holan damshi ne ke kashe keke da tsatsa. A Kurfai iska busasshiya ce, ƙarfe yana daɗewa. Roba da fata su ne zafi ke cinyewa. Abin da keken ke bukata shi ne taya biyu da robar ciki, da wanke cibiya, da ɗinkin gidan sarƙa.

Saurayin ya ce zai je ya sayo taya mai lamba 28. Mai gyara ya tsayar da shi. Taya mai lamba 28 iri biyu ce. Ta tsofaffin kekuna, 28 x 1½, faɗin bakinta milimita 635 ne. Ta kekunan Holan na baya-baya, ita ma 28 ake ce mata, amma milimita 622 ce. Bambancin milimita 13 ne kaɗai, bai kai faɗin ɗan yatsa ba, amma ɗaya ba ta hawa ƙafar ɗaya. A jikin taya akan rubuta alƙaluma kamar 40-635 ko 37-622. Na ƙarshen su ne abin dubawa. Tsofaffin kekunan Faransa da yawa kuwa 650 B suke ɗauka, mai milimita 584, kuma zaren fedarsu dabam yake da na Ingila da Holan. In aka tilasta musu wata feda, zaren ya lalace.

Keken Kaka 635 yake ɗauka, daidai da tsohon Rali da manyan baƙaƙen kekunan Sin da Indiya. Irin wannan taya ba ta wuyar samu. Saurayin ya fasa sayarwa da kilo. Yara suka kwafe abin da ke bisa allo cikin takarda mai tsabta, gida uku kamar yadda yake, suka kai wa Kaka ta ajiye.

Kalmomi

gangar jiki: le cadre
cibiya: le moyeu
makarin laka: le garde-boue
gidan sarƙa: le carter de chaîne
tambari: l'écusson
masana'anta: l'usine
shaida: la preuve

Tambayoyi

1. Don me tsohon keken Holan yake kama da na Ingila?
2. An ga sunan Gazelle bisa wani keke. Me ya kamata a ƙara dubawa kafin a ce ɗan Holan ne?
3. Yaya ake gane tambarin aro?
4. An karanta 58 da 11 bisa cibiyar Sturmey-Archer. Wane wata ne, wace shekara?
5. Wani keken Gazelle yana da lamba 1.250.000. Ku ƙiyasta shekararsa.
6. Don me Malam ya ƙi matsar da zaton yarinyar zuwa gida na farko?

Aiki

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya nemi tsohon keke ɗaya cikin unguwa, ya roƙi izinin mai shi. Ku zana tambarin, ku kwafe lambar gangar jiki da takarda da fensiri, ku rubuta alƙaluman da ke jikin taya. Ku tambayi mai keken wurin wa ya same shi, a wane gari, da abin da ya faru a shekarar. Ku kawo sakamakon cikin gida uku, da Hausa, sa'an nan ku rubuta sunayen sassan keken da Faransanci.